Kilkenny da Dublin: Yawan Jama'a da Cin Kofi a Wasan Hurling

Tambaya: Malam, a wasan hurling na ƙasar Ayilan, wanda ake bugawa da sanda da ƙaramar ƙwallo, shin gundumar da ta fi yawan jama'a ce ta fi cin kofi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Gundumar Kilkenny, wadda mutanenta ba su wuce 104,000 da 'yan kai ba a ƙidayar 2022, ta ɗauki kofin ƙasa sau 36, alhali Dublin mai mutum fiye da miliyan 1.4 sau 6 kacal ta ɗauka, kuma rabonta da shi tun 1938.

Abin dubawa shi ne yawan yaran da suka tashi da sandar a hannu. A Kilkenny kusan kowane yaro hurling yake bugawa tun daga firamare, makarantu irin su St Kieran's na ta yaye gwanaye, yayin da a Dublin ƙwallon ƙafa da sauran wasanni suke raba hankalin matasa. Haka kuma, tunda wasan ba sana'a ba ce, babu cinikin 'yan wasa, galibi kowa gundumarsa yake yi wa. Ga kuma horarwa: Brian Cody shi kaɗai ya kai Kilkenny ga kofi 11.