Amsa ga mai tambaya kan motar dizal da ke wahalar tashi da asuba

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce motarka tana wahalar tashi da sanyin safiya, tana fitar da farin hayaƙi tana kakkarwa, amma da zarar ta yi zafi sai ta daidaita har ka je Daura ka dawo lafiya. Na daɗe ina aiki da irin waɗannan injuna a nan Katsina, kuma wannan ƙorafi yakan yawaita a watannin Disamba da Janairu.

Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafin da man zai kama wuta da kansa idan nozul ya feso shi. Da asubar hunturu ƙarfen injin ya kwana da sanyi, sai ya shanye zafin, wani ɓangare na man ya fita ta salansa bai ƙone ba, shi ne farin hayaƙin mai yaji a ido da kake gani.

Hunturunmu bai kai ya daskarar da man dizal ba kamar yadda ake gani a Turai, yana dai tona asirin abin da ya riga ya raunana ne. Ka fara da duba hita, wato ƙananan fulogan da ke ɗumama cikin injin da wutar batir kafin a tayar da shi. Idan ka murɗa makulli, ka jira fitilar hita da ke kan dashbod, mai kamar naɗaɗɗiyar waya, ta mutu kafin ka tayar. Bakanike ya ciro hitocin ɗaya bayan ɗaya ya jona wa batir: mai lafiya bakinsa zai yi jajir cikin daƙiƙoƙi kaɗan, matacce kuwa zai tsaya baƙi ƙirin. Guda ɗaya ya mutu ya isa ya kawo wannan kakkarwar. Bayan nan a duba batir, domin sanyi yana rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri. Sai waɗannan sun fita lafiya za a auna matsin injin.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yarda a tura tsumma mai fetur a bakin shaƙar iska kamar yadda wasu ke yi a tasha, domin yana iya karya ringin fistan. Kada kuma ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a jere. Idan ta tashi, ka bar ta a silo kamar minti ɗaya baƙin mai ya zagaya, musamman idan tana da turbo, sannan ka ja ta a hankali ba tare da matsa totur ba.