Filin Gareji: Na Saya, Na Yi Da-na-sani

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: an biya kuɗi, an kai kaya gida, sannan ido ya buɗe. Mun zaɓi biyar muka miƙa wa makanikan da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi motar gwanjo. Ranar da na gwada ta lafiya lau, babu fitilar da ta kama a gaban direba. Kwana uku da saye fitilar injin ta kunnu, yanzu kuma kullum sai na ƙara ruwa a lagireto, ga farin hayaƙi a salansa. Cutata aka yi ko ƙaddara ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zuciyar mai sayarwa Allah ne ya san ta, amma motar za ta iya ba da shaida. Abu biyu ka kawo, bari mu raba su.

Na farko, fitilar. Kwamfutar mota tana ajiye lambar duk matsalar da ta gani, kuma mai na'urar OBD, wadda ake jonawa a mota a karanta kwamfutarta, zai iya goge lambar cikin minti ɗaya. A wasu motocin ma cire kan batir na ɗan lokaci ya isa. Fitila ta mutu, cuta tana nan. Sai motar ta yi tafiya iri-iri, da sanyin injin da zafinsa, cikin gari da babbar hanya, kafin kwamfutar ta gama gwaje-gwajenta ta sake gano abin. Shi ya sa asirin ya saba tonuwa bayan 'yan kwanaki. Da an jona na'urar ranar ciniki, da ta nuna cewa gwaje-gwajen da yawa ba su kammala ba, alhali motar da ake hawa kullum tata a kammale take. Wurin jonawar yana ƙarƙashin sitiyari, mai ƙafa 16, kuma yana jikin motocin kasuwar Amurka tun 1996, da na Turai masu fetur tun 2001.

Na biyu shi ne mai nauyin. Ɗan farin tururi da safe wanda yake ɓacewa idan injin ya ɗumama ba komai ba ne. Wanda yake ci gaba da fita bayan injin ya yi zafi, ga ruwa yana raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba, wannan ya fi kama da gasket ɗin kan silinda, wato shimfiɗar da ke liƙe tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Kada a kwance injin da zato. Da safe, injin yana sanyi, a buɗe murfin lagireto a tayar da mota: kumfa da ke tasowa ba tsayawa alama ce iskar ƙonewa tana shiga ruwa. A duba ƙarƙashin murfin baƙin mai da sandar awon mai, ko sun yi kauri fari-fari. A cire fulogogi a jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa. Akwai kuma wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana komawa rawaya idan hayaƙin injin na ratsawa. Sai a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu abin tuhuma ne, musamman idan biyu da ke maƙwabtaka ne suka faɗi tare.

Idan ta tabbata, ka ajiye motar. Ruwan da ya gauraya da baƙin mai yana cinye metal ɗin kiranshaf, aikin gasket ya koma aikin injin gaba ɗaya. Wajen gyara kuwa, ga inda ake yawan asarar kuɗi sau biyu: a sa sabon gasket ba a auna kan silindar ba. Dole a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a ga ko ya lanƙwashe; a injuna da yawa iyakar da aka yarda ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, in ya wuce sai an goge shi a inji. Injuna da yawa na zamani kusoshin kansu sau ɗaya ake ɗaure su domin suna miƙewa, sai sababbi, kuma a ɗaure su bisa jerin da kamfani ya tsara. Sannan a nemo abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko, ko fanka, ko tamosta (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya yi zafi), ko famfon ruwa, ko lagireto da ya toshe. Maganin kwalba da ake zubawa a lagireto wai ya liƙe gasket, mu dai ba ma ba da shawararsa; sau da yawa ƙananan hanyoyin ruwan yake toshewa.

Ga masu shirin saye: ku je ganin mota da sanyinta, ku taɓa injin da hannu kafin a tayar. Ku murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, fitilar injin da ta jakar iska da ta birkin ABS su kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne. Ku kuma gwada lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofa da ta takardu.

Tambaya: Na sayi tayoyin gwanjo huɗu, zanensu ɓaro-ɓaro kamar sababbi. Wata ɗaya ba a yi ba ɗaya ta fashe, wata kuma ta yi ƙullutu a gefe. Me na kasa dubawa?

Amsa: Shekarunsu, Malam. Zane yana gaya maka nawa aka ci daga tayar, ba ya gaya maka yaushe aka yi ta. Roba tana bushewa ko da a ajiye take, zafi kuma yana gaggauta hakan. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 na shekarar 2017. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai aka buga, sai ka juya ta. Kamfanonin taya da dama sun ce bayan shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, kada kuma ta wuce goma ko da zanenta na nan. Wasu masu ƙera motoci ma shida suka ce. Idan ka ga an kankare wurin lambar, ciniki ya ƙare.

Ƙullutun gefe ba ya gyaruwa. Zaren da ke cikin tayar ne ya tsinke, iska ta turo robar, kuma faci ba ya mayar da zare. Ka cire ta yau, ba gobe ba.

Tayar gwanjo ba a sayenta a kan rim. A cire ta ka leƙa ciki: faci a gefe, ko baƙin garin roba, ko wani layi da ya goge a zagaye, duk alamu ne an taɓa tafiya da ita ba iska. Ka lanƙwasa gefen da hannu ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe. Akwai kuma masu sake yanka zanen tayar ƙaramar mota da wuƙa mai zafi. Za ka ga ramin ba daidai ba, kuma ƙananan tudun da ke cikin rami, waɗanda ke nuna zane ya kai milimita 1.6, sun ɓace. Ka karanta sauran rubutun ma. A 195/65 R15 91H, 91 na nufin kilo 615 ga kowace taya, H kuwa gudun kilomita 210 a awa. Kada ka sa wadda lambar nauyinta ta gaza abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba.

Tambaya: Motata tana ƙin tashi da safe, aka ce batir ne. Na sayi sabo har wanda ya fi tsohon girma, mako biyu ya yi irin halin wancan. Jabu aka ba ni?

Amsa: Mai yiwuwa, Hajiya, amma mun fi zaton batirin farko ma ba shi da laifi. Mita ƙarama ta masu wayarin za ta raba gardama. Batir mai cikakken caji da ya kwana yana nuna wajen volt 12.6, 12.2 rabi ke nan. Lokacin da ake murɗa makulli kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Idan injin na aiki kuwa, sai ki ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya tsaya a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki, kuma duk batirin da kika sa haka zai ƙare.

Idan cajin lafiya lau ne, to akwai abin da ke shan wuta da dare. A kashe komai, a cire wayar nagatif, a sa mita tsakaninta da kan batir a ma'aunin amp 10, a jira kamar rabin awa kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ya wuce miliamp 50 ya yi yawa. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗo. Fitilar but da ba ta mutuwa, rediyon da aka ƙara daga baya, da diyod ɗin altaneta da ya lalace su ne aka fi kamawa. Kafin duk wannan ma, a kankare kawunan batirin a ɗaure su tamau.

Tambaya: Ni mai koyon fenti ne. Na tara kuɗi na sayi kwamfuresa mai tankin lita 24, an rubuta lita 200 a minti a jikinta. Da na fara feshi sai iska ta ƙare, fentin ya riƙa fita da gudaji. Ta lalace ne?

Amsa: Ba ta lalace ba, ƙanena, an ɗora mata kayan da ba nata ba ne. Lita 200 ɗin da ka gani iskar da fistin ke zuƙa ce a lissafi. Wadda ke fitowa a bakin tiyo takan tsaya wajen kashi biyu bisa uku na hakan, ka ce lita 130. Bindigar feshi irin ta HVLP, mai cin iska da yawa a ƙaramin matsi, tana neman lita 250 zuwa 400 a minti, ba tsayawa. Yi lissafin tankin: lita 24, daga bar 8 zuwa bar 6 (bar ma'aunin matsin iska ne), iskar lita 48 kawai ya ba ka. Idan bindigar na jan 300 famfo na mayar da 130, ba za ka kai sakan 20 ba matsi ya faɗi. Matsi na faɗuwa fenti ya daina watsuwa da kyau, ga injin da ke gudu ba hutu yana zafi yana turo ruwa cikin tiyo, ruwan kuma shi ke sa fenti ƙuraje.

Girman tanki ba ya ƙara iska, jinkirta ƙarewarta kawai yake yi. Lambar da za ka nema a takardar kwamfuresa ita ce ta iskar da take fitarwa a bar 6, kuma ta fi abin da bindigarka ke ci. Fentin mota yana son mai bel, mai ƙarfin doki 3 zuwa sama, da tankin lita 100 zuwa 200, da tiyo mai faɗin ciki milimita 10, da matatar ruwa kusa da bindiga. Kafin ka kai can, bindigar LVLP ba ta cin iska sosai, za ta iya yi maka bamba ko ƙofa ɗaya a hankali. Taka ɗin kada ka yar da ita, tana hura taya tana kaɗe ƙura. Ka riƙa buɗe famfon gindin tankin kowace yamma ruwa ya zube, tsatsa daga ciki take cin tanki.

Tambaya: Na sayi akwatin sifana da soket mai guda ɗari da wani abu. Soket biyu sun tsage, kan noti uku sun zama kwabo. Wane iri zan saya?

Amsa: Araha ba ta ado, Malam, amma ba ingancin ƙarfe kaɗai ne matsalar ba. Mu fara da kan notin. Soket mai kusurwa 12 yana kama noti ne a bakin kusurwoyinsa, in notin ya yi tsatsa sai ya zame ya cinye su. Mai kusurwa 6 yana kama jikin notin, shi ake kwance mai taurin kai da shi. Ka kuma lura da inci da milimita: rabin inci milimita 12.7 ne, don haka sifana mai lamba 13 za ta shiga notin rabin inci da ɗan wasa, wasan nan kuma shi ke murje kai.

Tsagewar soket kuwa, mun yi zaton ka sa shi a bindigar iska ko ka ƙara wa hannun bututu. Soket mai sheƙi na hannu ne, yana da tauri amma bugun bindiga na fasa shi, ɓarɓashinsa kuma yana iya samun ido. Na bindiga baƙi ne mai kaurin jiki, an rubuta Cr-Mo a kansa.

Cikin guda ɗarin nan, aikin yawancin motoci a kan 8, 10, 12, 13, 14, 17, 19 da 21 yake yawo. Ka sayi waɗannan masu kyau, da doguwar sandar kwancewa mai bakin rabin inci domin kada ka karya haƙoran racet, da sifanar awon ɗauri. Ita wannan ta ɗauri ce kawai, ba a kwance noti da ita. Ta fi gaskiya daga kashi 20 cikin ɗari na iyakarta zuwa sama, don haka mai kai Nm 200 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne) ta dace da notin taya, wanda a ƙananan motoci da yawa yake tsakanin 100 da 140, amma ta yi wa ƙananan kusoshin jikin alminiyam girma. Su sai ƙarama mai bakin 3/8 ko 1/4. Idan ta yi ƙara sau ɗaya ka tsaya, kada ka ƙara ja, kuma in ka gama aiki ka mayar da ita lamba mafi ƙanƙanta kafin ka ajiye, domin sifirin ɗin ciki kada ya gaji.