Bango ya jiƙe, mai gida ya ce ba ruwansa: wa zai gyara?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina haya a Kano, ɗaki biyu da falo, kuɗin shekara nake biya. Tun watan Agusta bangon uwarɗaka ya sha ruwa, fenti yana ɓarewa, funfuna ta kama katifa da tufafi, ƙaramin yarona kuma tari ya ƙi sakinsa. Mai gidan ya ce lafiya lau ya ba ni gidansa. Zan iya riƙe kuɗin haya har sai ya gyara?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaro lafiya, kuma a kai shi asibiti, kada a jira ƙarshen wannan magana. Kuɗin haya kam kada ka riƙe. Ranar da bashi ya hau kanka, ka ba mai gida hujjar neman kotu ta tashe ka, maganar danshi kuma ta koma gefe.

Fara da gano inda ruwan yake fitowa, domin alhakin yana bin tushen ruwan ne. Kira magini ya duba. Idan tabon daga sama yake gangarowa, silin ya kumbura ya yi baƙi, to kwano ne ke yoyo ko indararo ya karye. Idan daga ƙasa yake hawowa, filasta tana zubewa da wani farin gishiri a gindin bango, to daga tushen ginin ne, ko fayif ya fashe a cikin bango. Waɗannan duk lalurar gini ce, kuma a yawancin yarjejeniyoyin haya suna wuyan mai gida. Amma idan kwata ce ta toshe da sharar gidanka, ko ana shanya wanki a ɗaki tagogi a rufe, ko ka ga famfo yana ɗiga ka yi shiru wata da watanni, to kai za a tambaya.

Sai ka ɗauko takardar yarjejeniya. A nan mutane da yawa suke mamaki: a ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila, idan gida ba da kayan ɗaki aka bayar da shi ba, kuma mai shi bai ɗauki alkawarin gyara ba, da wuya a tilasta masa. Legas ta rubuta a dokarta ta haya ta 2011 cewa mai gida zai kula da gyaran ɓangaren waje na gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kansu, amma kowace jiha da tata dokar. Idan kotun shari'ar Musulunci za ku je, malaman Malikiyya sun yi maganar yoyon rufi ƙarara: ba a tilasta wa mai gida gyara, sai dai idan cutarwar ta yi yawa ɗan haya yana da zaɓi, ya warware hayar ya fita, ko ya zauna ya biya kuɗi cikakke. A ganina wannan zaɓin fita ne ya fi ba ka ƙarfi wajen ciniki, domin mai gida ba ya son mayar da kuɗin watannin da suka rage.

Yau ɗin nan ka ɗauki hotuna da bidiyo, har da katifar. Rubuta wa mai gidan ko dillalinsa takarda mai kwanan wata, ka faɗi ɓarnar, ka ba shi wa'adi, misali mako 2, ka ajiye kwafi. Saƙon WhatsApp ma yana zama shaida. Idan ya ce ka gyara a cire daga haya, kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya sai ya rubuta amincewarsa da adadin kuɗin, sannan ka adana kowane rasit. Idan ya yi biris, kai maganar gaban mai unguwa, ka kuma gayyato duba-gari na ƙaramar hukuma. Rahotonsu yana da nauyi gaban alƙali. Daga nan sai cibiyar sulhu ta kotu, ko ƙarar neman diyya.

Wataƙila ya ce ka tashi saboda ka yi ƙorafi. Idan yarjejeniyarku ba ta ajiye wani wa'adi daban ba, mai hayar shekara-shekara yana da notis na wata 6, sai na kwana 7 da ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu, sannan hukuncin kotu. Ba shi da ikon kulle maka ƙofa, cire kwano ko watso da kayanka waje, idan kuma ya yi, kana iya kai shi ƙara a kan hakan.