Kar ka ba kowa aron hotunan, a kaina na gani

Wayyo ƙanena, ka fama mini tsohon gyambo. Ka ce kana son haɗa tarihin tsohon gidan silima na Damagaram kafin tsofaffin su ƙare amma ka rasa ta ina za ka kama. Ni ma na bi hanyar nan, don babanmu Allah ya jiƙan shi shi ne mai harba fim shekara da shekaru. Mashin biyu ne, bobin guda, wato naɗin fim ɗaya, kamar minti 20 take yi, kafin ta ƙare sai ya tada ɗayar, in kuwa fim ya tsinke to ranar har kakanninshi sai sun sha zagi daga 'yan bencin gaba.

Ya bar mana akwatin ƙarfe, cike da afish, wato hotunan tallan fim, na Indiya da na kaboyi da karate, da wani kaye da yake rubuta kowane fim da ranar da aka sa shi. Sai ga wani bawan Allah daga Yamai, babbar riga, baki kamar zuma, wai bincike yake, sati biyu zai maido. Inna ta ce kar in ba shi, na ce haba Inna mai ilimi ne. Har fura muka dama mishi wallahi, har tasha na raka shi ina ɗauke da kayan da hannuna! Lambar da ya bari ko sau ɗaya ba ta shiga ba. Inna har ta rasu ba ta sake tada maganar ba, shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Don haka duk abin da ka samu ɗauke shi a waya nan take. Kuma kar ka tsaya wajen manya kaɗai, nemi mai saida tike da mai gadin ƙofa da masu tsiren bakin ƙofa a unguwannin Zango da Birni, su suka san labari. Duba takardu ko za ka ga hatimin COMACICO ko SECMA, kamfanonin da suka riƙa raba finafinai tun zamanin Faransa. Tambaye su kuma yadda kaset ɗin bidiyo da faɗuwar sefa ta 1994 suka kwashe 'yan kallo.

In Allah ya sa ka ci karo da kaye mai shuɗin bango, gefenshi da ƙunar sigari, don Allah neme ni, namu ne.