Katangar da ta fi bene tsawo a filin besbol

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke tuƙin tasi a Boston ya turo mini hoton wani filin wasa ta WhatsApp. Gefe guda katanga ce koriya doguwa kamar bene, ɗaya gefen kuma gajeruwa, filin duk a karkace. Ya ce ya haura shekara ɗari. Ni filin ƙwallon Baba Yara na nan Kumasi na sani, kusurwa huɗu cif. Magina ne suka yi kuskure? — Wani tela, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, maigida tela. Magina ba su da laifi, yadi ne bai kai ba, kai ma ka san yadda almakashi ke tafiya a irin wannan rana.

Filin da ka gani Fenway Park ne, gidan ƙungiyar wasan besbol ta Red Sox a Amurka, an buɗe shi ran 20 ga Afrilu 1912. Dokar besbol tsakiyar fili ta fi matsa wa, inda tilas a bar ƙafa 90 tsakanin kowace tasha da ta gaba, cikin tashoshi huɗu da ɗan wasa ke zagayawa a guje. Can waje kuwa, magina na da sai iyakar abin da unguwa ta bari. Titin Lansdowne ya tokare Fenway ta hagu, ƙafa 310 kacal daga inda mai bugun ƙwallo da gora ke tsayawa. Da nisa ya gagara sai aka yi sama, katangar ta kai ƙafa 37 a gyaran 1934. Da tallace-tallace ne a jikinta, sai 1947 aka shafe ta da koren fenti, ake ce mata Koren Dodo. Har gobe akwai mutane a cikin cikinta suna sauya lambobin allon maki da hannu. Duk wanda ya tashi a Zango, inda ɗaki ke lanƙwasa don ya bar wa lungu hanya, wannan ba zai ba shi mamaki ba.

Ni kaina a shagon aski a Asawase na fara ganin wasan a talabijin. Aka gama mini aski, aka gama wa mutum uku, ban gane wa ke ci ba. Labarin 'yan wasan ne ya ja ni daga baya. Babe Ruth a Fenway ya yi suna, aka sayar da shi wa Yankees na Niyok kan dala 100,000. Red Sox sun ɗauki kofi a 1918, ba su ƙara sansana shi ba sai 2004. Shekara 86! Mu magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Kotoko kaka biyu ba kofi mun fara neman kan koci.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya ma babu shi yanzu, wato Ebbets Field, gidan ƙungiyar Dodgers a unguwar Brooklyn ta Niyok. A nan Jackie Robinson, ɗan wasa baƙar fata, ya fito ran 15 ga Afrilu 1947 da lamba 42 a bayansa, bayan shekaru kusan sittin ana hana baƙar fata shiga babbar gasar. Dodgers suka yi ƙaura zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, aka rushe filin a 1960, gidajen haya ne a wurin yau.

Ka ce wa ƙanen namu in ya koma ya duba kujerun can ƙarshen fili ta hannun dama. Duk koraye ne sai guda ɗaya ja, inda ƙwallon da Ted Williams na Red Sox ya buga ta sauka a 1946 bayan ta ci ƙafa 502. Ya turo mana hotonta.