Mun sa hannu a takardar fahimtar juna, sun fasa: zan iya kai su kotu?

Tambaya: Ina sayar da kayan gini a kasuwar Dei-Dei, Abuja. Na sa hannu a takardar fahimtar juna, wato MoU, da wani kamfanin gine-gine a kan zan riƙa kai musu siminti da rodi. Na kama sito, na zuba kaya, sai suka ce sun fasa. Ina da haƙƙi a kotu?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Takardarka ba ta gabana, amma kada ka sa rai da yawa. Irin wannan takarda baiko ce, ba ɗaurin aure ba. Tana nuna an shirya, ana kuma sa ran a zauna daga baya a rubuta cikakkiyar kwangila mai farashi da yawan kaya da lokacin biya.

A nan Abuja ma an yi irin shari'arka. Kamfanin BPS Construction ya sa hannu a takardar fahimtar juna da hukumar raya Babban Birnin Tarayya, wato FCDA, kan samar da kayan more rayuwa a Mabushi da Katampe, da sharaɗin za a ƙulla cikakkiyar yarjejeniya daga baya. Ba a ƙulla ba, kamfanin ya nemi diyya. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce takardar ba ta ɗaure kowa ba. Abin da ya kashe kafin a sa hannu a kwangila, a kansa ya faɗa.

Sai dai alƙali ba sunan takarda yake kallo ba, abin da ke cikinta yake karantawa. Idan an rubuta farashin buhu, da adadi, da ranar kai kaya, kuma babu inda aka ce sai an yi wata kwangila tukuna, tana iya zama kwangila ko da an kira ta MoU. Wasu sassan ma, kamar riƙe sirri ko alƙawarin ba za su nemi wani ɗan kasuwa ba zuwa wani lokaci, akan rubuta su da niyyar su ɗaure.

Za ka ji ana cewa ai bankuna na mutunta irin wannan takarda. Gaskiya ne. A Amurka, hukumomin da ke sa ido kan bankuna, irin su FDIC, kan sa shugabannin banki mai tangal-tangal su sa hannu a kanta, duk da ba a tilasta ta a kotu. Bankin na bi ne don ya san in ya ƙi, umarni mai ƙarfin doka na tafe. Kai kuwa ba ka da wannan iko a kan kamfanin.

Ka kai wa lauya takardar, tare da saƙonnin WhatsApp da duk wata takardar oda da suka aiko maka. In har sun karɓi ko da tirela ɗaya ce ta siminti, wannan ciniki ne da ya faɗa, dole su biya kuɗinsa.