Wane ɗan leƙen asiri ne aikinsa ya fi sauya tarihi?

Malam, ka tambayi wanda aikinsa ya fi tasiri a duniyar leƙen asiri. A ganina, Richard Sorge ne.

Bajamushe ne, ya sauka Tokyo a 1933 da sunan ɗan jarida, alhali Tarayyar Sobiyet yake yi wa aiki. Ya shiga jikin jakadan Jamus, Eugen Ott, har ya zama na hannun damansa, yana karanta takardun sirrin ofishin jakadanci. Abokin aikinsa Hotsumi Ozaki kuma yana cikin masu ba firaministan Japan shawara, Max Clausen kuwa shi ke aika saƙonnin ta rediyo a ɓoye.

A 1941 ya gargaɗi Mosko cewa Hitila na shirin kawo hari, shugaban Sobiyet Stalin ya yi kunnen uwar shegu. Amma a kakar shekarar, da Sorge ya tabbatar wa Mosko cewa Japan ba za ta afka wa Sobiyet ba, an kwaso dakaru daga gabas mai nisa suka kare Mosko.

Abin da ke ci min rai shi ne ƙarshensa. Hukumomin Japan sun kama shi a Oktoban 1941, Mosko ba ta nemi ceto shi ba, aka rataye shi ranar 7 ga Nuwamban 1944. Sai a 1964 suka ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet.